Ranar da Iya Ta Ɗora Hannu a Bakina

Tun da na fara magana nake in'ina. Ba wanda ya san inda na gado ta, domin Baba in ya kama zance sai an tuna masa tuwonsa na hucewa, mahaifiyata kuwa, kafin ta rasu ina 'yar shekara huɗu, an ce ita ke ba da waƙa a majami'a. Ni kaɗai na fito da harshe mai tsayawa a hanya. Kalmar tana nan sarai a kaina, ina ganinta, amma da ta iso maƙogwaro sai ta toge, kamar jakin da ya ga ruwa a gabansa.

Ƙauyenmu ƙarami ne, tsakanin Gaya da Ajingi. In ka saki kwalta sai ka yi kusan rabin sa'a a kan babur cikin gonakin gero da gyaɗa kafin ka hango rumbunanmu. Gidajen Kirista shida ne a ciki, duk dangin juna, sauran maƙwabta Musulmi ne. Rijiya ɗaya muke ja, gayya ɗaya ake yi, suna da biki kuwa ba a tambayar na wane ne kafin a ɗauki tabarma. Majami'armu ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, da benci takwas, da tsohon wilin mota da aka rataye a jikin darbejiya ana bugawa ranar Lahadi.

Akwai ranar da aka aike ni sayen gishiri na dawo hannu biyu. Na tsaya gaban mai tebur ina "gi, gi, gi", yara biyu suka fara dariya, na juya na ruga. A makaranta malaminmu mutumin kirki ne. In ana karatu layi-layi aka zo kaina sai ya tsallake ni ya kira na gaba, don kada in ji kunya. Bai sani ba, tsallakewar nan ta fi dariyar yara yi mini ciwo.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ta riƙe ni. Iya muke ce mata, mu da duk ƙauyen. Gajeruwa ce, mai ƙarfin damtse, daddawa take yi, shi ya sa hannunta kullum da ƙanshin kalwa ko ta wanke da sabulu. Addu'arta a fili take yi, da safe, a bayan rumbu, tana magana da Ubangiji kamar yana zaune a kan turmin da ke gefenta. Takan gaya masa akuyar da ta ƙi cin dusa, da jikan da ke tari, da wanda ya ɓata mata rai jiya har ta mayar masa da magana, a gafarta mata.

Amma Iya tana da wata addu'a dabam, wadda ba kullum ake jinta ba. Ita da kanta ta taɓa bambanta mini su muna ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "Roƙo dabam, faɗa dabam. Roƙo na kullum ne, kowa da abin da ke damunsa. Amma akwai ranar da in kin daɗe a gaban Ubangiji, kika auna abin da ke ranki da maganarsa kika ga ba su saɓa ba, sai zuciya ta kwanta. Ranar nan ba a ci gaba da tsayuwa a ƙofa kamar baƙo. Tashi ake yi a faɗa, domin ya ba 'ya'yansa wannan iko."

Ba ta wasa da abin. Wata shekara ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara murɗewa, Baba ya dawo daga gona ransa a ɓace ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

Ya ce, "Iya, ki tashi ki faɗa a yi ruwa mana. Shuka na mutuwa."

Ta ce, "Zo mu roƙa tare, ni da kai, yanzu ma. Amma faɗa, ba a ba ni ba. In na buɗe baki na ce Ubangiji ya ce, alhali ni na ce, na yi masa ƙarya ke nan."

Suka roƙa. Ruwan bai zo ba sai bayan kwana goma sha wani abu, aka sake shuka rabin gonar. Baba ya daɗe yana tsokanarta, wai bakinta na zaɓen aiki. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce ai gara haka.

Ina shekara goma sha ɗaya abin ya zo kaina. Bayan girbi mukan yi Lahadin godiya. Kowane gida ya kawo nasa, damin gero da dawa, kwaryar wake, kabewa, kaji ɗaure da ƙafa suna kuka a gaban bagade. Yara kuma kowa ya tashi ya kawo ayar da ya haddace. Shekarun baya ba a sa ni, amma a wannan karon ni na roƙi Fasto ya ba ni tawa. Mako uku ina karanta wa awakinmu ita, ko sau ɗaya ban yi tuntuɓe ba.

Da aka kira ni na fita gaba da sabon ɗankwali. Na buɗe baki, kalmar farko ta toge. Na sake, ta sake togewa. Ina jin gumi na bin bayana, ina ganin wani zakara a cikin kayan godiya ya karkace kai yana kallona. Fasto ya jira kaɗan, sannan cikin tausayi ya karanta ayar gaba ɗaya a madadina, jama'a suka ce amin da ƙarfi don su rufa mini asiri. Na koma na zauna.

A hanyar gida goggona, ƙanwar Baba, tana tafe a gabanmu da wata mata, ba ta san muna kusa ba. Na ji ta ce, "Yarinyar nan a daina wahalar da ita. In ta girma a saya mata keken ɗinki, aikin da ba ruwansa da magana." Ba da mugunta ta faɗa ba, tana sona ƙwarai. Iya ta ji, ta ƙara riƙe hannuna.

Kwana uku Iya ba ta sa komai a baki sai rana ta faɗi. Tana aikinta, tana dafa kalwa, amma da ta sami sarari sai ta zagaya bayan rumbu. A wannan karon ba ma jin muryarta, shiru kawai take zaune. Ran na huɗu da hantsi, matan gida na shiƙar gero a tsakar gida, Baba na gyaran igiyar amalanke, sai ta fito ta tsaya a tsakiya ta kira ni.

"Zo nan, ƙawata."

Na zo. Ta ɗora tafin hannunta a kan bakina, da ɗumi, da ƙanshin daddawa. Ba ta rufe ido ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta yi magana yadda take gaya wa mutum ranar kasuwa.

Ta ce, "Bakin nan Ubangiji ne ya yi shi, bai kuwa yi kuskure ba. Cikin sunan Almasihu nake faɗa, bakin nan zai yi magana a gaban mutane, za su zauna su saurara."

Matan suka tsaya da fayafayansu a hannu. Ɗaya ta ce amin a hankali. Baba ya ajiye igiya ya matso.

Ya ce, "Iya, kada ki ɗora wa yarinya kayan da za su danne ta. In abin bai yiwu ba fa?"

Ta dube shi ta ce, "Ranar da ka ce in faɗi ruwa, na faɗa?"

"A'a."

"To yau na faɗa."

Ta koma wurin tukunyarta kamar ba abin da ya faru.

Washegari na farka da murna, na tabbata in'ina ta tafi. Na fita da gudu in gaida Baba, "ina kwana" ta kakare mini a wuya kamar kullum. Na koma ɗakin Iya na fashe da kuka, na gaya mata da ƙyar cewa addu'arta ba ta ci ba.

Ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce, "Na ce miki in'ina za ta tafi? Tuna abin da na faɗa. Abin da aka ba ni shi na faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ko da ita ko ba ita, za su saurara." Ta share mini fuska da gefen zanenta. "Yanzu saura ke. Ikon nan ba nawa ba ne ni kaɗai don na tsufa. Duk mai bi yana da shi. Ke ma 'yar gida ce. Tashi ki faɗa da bakinki."

Ta kai ni bayan rumbu ta tsayar da ni. Maganar da ta faɗa a kaina ce ta sa in maimaita, ba ta da tsawo, amma sai da na yi kusan minti biyar a kanta. Kaji suka taru suna zaton tsaba za a watsa musu. Da na kai ƙarshe, wata kaza ta yi kyarkyara kamar ta amsa, Iya ta kwashe da dariya har ta dafa rumbu, ni ma ban san lokacin da na fara dariya da hawaye a fuska ba. Ta ce, "Kin ga, ga masu sauraro na farko."

Daga ranar kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na tsaya a wurin na faɗa. Iya kuma ba ta tsaya a faɗa kawai ba. Duk aiken da ke buƙatar baki a gidanmu ya dawo kaina. Ni ce sayen gishiri, ni ce kai gaisuwar mara lafiya, ni ce tallan daddawa in mun je kasuwar Kademi, tana zaune a bayana ta yi kamar ba ta san ni ba. Ta kuma saka mayafinta ta je makaranta da kanta ta roƙi malaminmu, cikin ladabi, ya daina tsallake ni.

Wadda ta fi taimaka mini a wannan lokaci Hajiya ce, maƙwabciyarmu ta jikin katanga. Babarbariya ce, kakanninta suka zo daga gabas da fatauci suka zauna. Turaren wuta take haɗawa, ita da Iya kuwa aminai ne tun suna amare. Iya takan aike ni wurinta da saƙo mai tsawo da gangan. Hajiya ba ta taɓa ƙarasa mini kalma ba. In na kakare sai ta ci gaba da jujjuya itacen turarenta a kasko ta ce, "Ba inda za ni, 'yata. Ja numfashi ki sake." Ita ta lura cewa in na saki numfashi a hankali kafin in fara, kalmar takan fito da sauƙi. Takan sa ni in lissafa mata kayan haɗinta ɗaya bayan ɗaya, kajiji, sandal, farce, in na gama ta ba ni dabino.

Ran da ta ji abin da Iya ta faɗa a kaina, ta gyaɗa kai ta ce, "Iya ta yi nata, ni ma na sa ki a addu'ata bayan kowace salla. Allah ya buɗe miki."

In'ina ba ta tafi ba. Ta dai ragu, ta zama kamar maƙwabciyar da na san lokutan zuwanta. Na gama firamare, na yi sakandare a Gaya ina zaune wurin goggona. Da na gama sai maganar abin da zan karanta ta taso. Baba ya riga ya yi mini tunani. Ya ce in koyi aikin kwamfuta, in sami shagon buga takardu a Gaya, aiki mai tsabta, ba mai sa ni dogon bayani. Ni kuwa koyarwa ce a raina, amma ina jin nauyin faɗa, don na san yadda abin zai yi a kunnen mutane.

Na je wurin Iya na ce ta tashi ta faɗa mini, yadda Baba zai yarda.

Ta ce, "A'a. Wancan nawa ne, an ba ni na faɗa. Wannan naki ne. Je ki tambaya, ki kuma tsaya ki ji amsa. Kada ki je da amsarki a hannu."

Na yi mako guda ina addu'a. Abin da na fara ganowa bai yi mini daɗi ba. Rabin son koyarwar nan tawa so ne in nuna wa waɗanda suka yi mini dariya cewa sun yi kuskure. Na san wannan ba daga Ubangiji yake ba, sai da na furta shi na ajiye. Da na ajiye sai na zaci son zai tafi gaba ɗaya, amma bai tafi ba. Abin da ya rage shi ne tunanin yaran da ke zaune a ƙarshen aji, waɗanda ake wucewa ta kansu don an ga ba su da sauri. Duk lokacin da na tuna su sai in ji zuciyata ta tsaya wuri ɗaya, ba fargaba, ba gardama. A rana ta bakwai na gane abin da Iya ke nufi da zuciya ta kwanta.

Na sami Baba a gona yana huɗa da shanu. Na bi kunya har na iso gabansa, ƙafata duk laka. Ya tsayar da shanun ya ce, "Lafiya, uwata?" Haka yake kirana.

Na ja numfashi. Na kakare sau biyu, bai taimake ni ba, ya dai riƙe garma yana jira. Na ce, "Baba, na yi addu'a. Ubangiji ya ba ni koyarwa. Zan koyar."

Ya dube ni. Sannan ya cire malafarsa ya fifita fuska da ita ya yi dariya. Ya ce, "Wannan muryar Iya ce a bakin wata. To, in haka ne ni wane ne. Je ki cike takardar."

Na shiga kwalejin horar da malamai a Kano. A shekarar ƙarshe aka tura mu koyarwar gwaji, ni aka ba ni wata firamare a Ajingi, aji huɗu. Makonnin farko na lallaɓa, ina yawan rubutu a allo, ina sa yara su karanta, ina kauce wa kalmomin da na san suna kama ni. Amma ranar da mai duba mu zai zo daga kwaleji ba wurin ɓuya, domin sai na yi bayani da baki daga farko har ƙarshe, shi kuma ya ba da maki.

Darasin a kan yadda iri ke tsirowa ne. Kwana biyar kafin ranar na shuka wake a gwangwanaye, kowace rana ɗaya, don yara su ga matakan da idonsu. Da safe kafin in fita na tsaya a ɗakin da aka sauke ni na faɗi maganar nan da na saba faɗa tun ina yarinya. Mai dubawar ya iso, dattijo ne mai furfura da tabarau, ya zauna a bencin baya da takardunsa. Ajin cike yake, wasu a ƙasa, taga duk kawuna.

Na fara lafiya. Na ɗaga gwangwani na farko, na biyu, yara na miƙa wuya. Da na ɗaga na uku, inda ɗan farin abu ya fasa ƙwayar, na zo faɗin "tsiro", sai ta toge. "Tsi, tsi, tsi." Wani ya yi dariya a baya, biyu suka kama, kafin ka ce me rabin aji ya ɗauka. Na ga dattijon ya ɗaga kai daga takarda.

A da, nan ne zan nemi ƙofa. Amma ban ji tsoron da na saba ji ba. Na ajiye gwangwanin a kan tebur, na saki numfashi, na jira dariyar ta lafa. Sannan na ce musu, a hankali, "Ku saurara. Ni malamarku ina da in'ina. Wani lokaci kalma takan maƙale mini. In ta maƙale, ba sai kun taya ni ba. Ku jira ni kawai, tana zuwa. Waken nan ma kwana uku ya yi kafin ya fito."

Suka yi dariya kuma, amma wata iri dabam. Na sake ɗaga gwangwanin. Kalmar ta sake togewa. A wannan karon ajin ya yi tsit, har ina jin kukan injin niƙa daga can cikin gari. Yara sun zuba mini ido, wasu bakinsu na motsi suna taya ni a ɓoye. Da "tsiro" ta fito, wata yarinya a gaba ta sauke numfashi da ƙarfi kamar ita ta ɗauke kaya, sai duk suka tafa ba wanda ya sa su. Sau uku na ƙara kakarewa kafin a buga ƙararrawa, kowane karo suna jira. Da na yi tambayoyi a ƙarshe hannaye suka tashi ko'ina, har da na waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba.

A ofishin hedimasta dattijon ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malama, zauna." Ranar aka fara kirana da wannan suna da gaske. Ya ce, "Na daɗe ina wannan aiki. Malamai da yawa sun fi ki saurin baki, yara na barci a gabansu. Ke kuwa jiran kalmarki suke yi. Kada ki bari kowa ya ce miki ki canja aiki."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ko tuntuɓe ban yi ba.

Ranar Juma'a da aka tashi na hau a-daidaita-sahu zuwa mahaɗa, daga nan na hau babur. Gero ya yi kai, hanya duk kore, ni kuwa ina ta murmushi ni kaɗai har mai babur ya tambaye ni ko albishir zan kai. Na ce masa ƙwarai.

Iya ta tsufa a lokacin, idonta ya rage gani, ta bar dafa kalwa. Na same ta a inuwar zaure tana tsince wake da lalube. Na durƙusa na gaishe ta na fara ba ta labari. Ba ta yarda in taƙaita ba. Sai da na faɗi yawan gwangwanayen, da irin rigar da dattijon ya sa, da inda yarinyar nan ta zauna. Da na kai wurin da ajin ya yi shiru sai ta ajiye faifan, ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Na gode, Ubangiji. Ka cika maganarka." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗata, ta taka rawa kamar taku huɗu a ƙofar zaure, tana rera waƙar yabo da muryarta da ta dushe.

Hajiya ta jiyo ta leƙo ta katanga, aka ce in sake labarin daga farko. Baba ya dawo daga gona, na sake. Goggona da ta zo kwana biyu daga Gaya, ita ma aka zaunar da ita, ta ji har ƙarshe tana share ido, ta ce, "Ashe da na yi asarar malama a kan keken ɗinki." Sau biyar na ba da labarin nan a yini ɗaya, Iya na gyara mini in na tsallake wani wuri, kamar ita ce ta je. Baba ya yanka zabi biyu. Hajiya ta aiko da kaskon turare da kwanon dambu, gidanmu ya yi ƙamshi har waje. Ranar Lahadi Iya ta tashi ba da shaida a majami'a, ta daɗe har Fasto ya duba agogo sau biyu, ba wanda ya iya ce mata ta zauna.

Bayan na gama kwaleji aka ɗauke ni aiki a wata firamare ta ƙaramar hukumar, har yau kuma koyarwa nake yi. In'inata na nan. Duk sabon ajin da na shiga, ranar farko nake gaya musu, su kuma su koyi jira. A cikin shekarun nan na roƙi abubuwa da yawa, wasu an ba ni, wasu an hana ni, amma waɗanda na tashi na faɗa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Na koyi jin tsoron sa wa Ubangiji magana a baki, na kuma koyi kada in yi shiru in ya ba ni ita.

Hutun farko da na zo gida a matsayin malama, Iya ta kira ni da hantsi. Na zaci aike ne. Ta ce, "Malama, kin koyar da 'ya'yan mutane, saura ni. Ban taɓa shiga aji ba. Ina so in san yadda ake rubuta amin kafin in tafi."

Na ce, "Iya, da wannan idon?"

Ta ce, "Ki yi su manya."

Na ɗauko gawayi daga murhu na rubuta haruffa huɗu a jikin katanga, kowanne ya kai tsawon hannuna. Ta matso har hancinta na kusan taɓa ƙasar, tana bin su da yatsa. Na farko ta ce ya yi kama da bukkar gona, ta yarda da shi nan take. Na biyu ta ce ƙafafunsa sun yi yawa. Mako biyu muna fama, tana gardama da ni a kan kowane harafi, Hajiya na zaune a gefe tana ba ta goyon baya. Ran da zan koma ta karɓi gawayin ta rubuta da kanta, a karkace, harafin ƙarshe ya juya baya. Na ce mata ya juya. Ta ja da baya ta ƙanƙance ido ta dube shi, ta ce a bar shi haka, wanda ta rubuta wa zai gane.